Tabarau Mai Launi ga Mai Farfaɗiyar da Haske Ke Tayarwa: Yadda Ake Bi Daki-Daki

Cikin kowane mutum 100 masu farfaɗiya, kusan 3 ne haske ke tayar musu da ciwon. Adadin bai taka kara ya karya ba, amma gidan da abin ya shafa ya san nauyinsa: yarinya ce da ba ta iya zama gaban talabijin, ko yaro da ke zubewa duk ranar da aka kunna fitilun rawa a wajen biki. Yawanci abin yakan fara ne tsakanin shekara 7 zuwa 19, ya fi kama mata kan maza, kuma yana bin jini a wasu dangogin.

Akwai tabarau da ke taimaka wa irin waɗannan mutane, kuma an gwada shi a kan marasa lafiya da yawa. Sai dai ba kowane gilashi mai launi ba ne, kuma ba a gane shi da ido a teburin mai tabarau a kasuwa. A fuskar mai ciwon ake gwada shi, na'ura tana karanta ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya tsallake wannan, ya sayi kwalliya ne kawai, wani lokacin ma ya sayi abin da zai sa ya saki jiki a inda bai kamata ba.

Mataki na farko: a tabbatar haske ne ke tayar da ita

Mutane da yawa suna ɗauka duk mai farfaɗiya haske na cutar da shi. Ba haka ba ne. Mafi yawansu za su kwana gaban talabijin ba abin da zai same su ta dalilin hasken, in ma ciwon ya tashi, rashin barcin ne ya jawo. Saboda haka kafin a kashe ko kwabo a kan tabarau, a samo littafi a riƙa rubutawa. Duk ranar da ciwon ya tashi, a rubuta lokaci, wurin da yake, abin da yake kallo, ko ya sami barci daren jiya, ko ya sha maganinsa, ko akwai zazzaɓi a jikinsa.

Hasken da ke tayar da farfaɗiya shi ne mai kawowa da ɗaukewa da sauri, daga sau 3 zuwa sau 30 a daƙiƙa guda, wasu ma har zuwa sau 60. Inda ya fi haɗari shi ne tsakanin sau 15 zuwa 25. A rayuwarmu ta yau da kullum ga wuraren da ake cin karo da shi: dogon ƙwan lantarki da ya fara lalacewa yana ɓal-ɓal, wuta mai rawa idan ƙarfinta ya yi ƙasa ko janareto yana shiƙa, fankar sama da ke juyawa ƙarƙashin ƙwan fitila tana yanka hasken, fitilun masu kiɗa a wajen biki, hasken walda, tsohuwar talabijin mai ƙeya, wasannin gem, da bidiyoyin waya da ake canza hoto cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma wanda aka fi mantawa da shi, wato rana da ke ratsowa tsakanin itatuwan darbejiya da aka jera bakin titi, mutum yana cikin mota a guje da safe ko da yamma. Ƙyallin rana a kan ruwa ma haka. Wasu kuma ba sai haske ya motsa ba, zane mai ratsi-ratsi fari da baƙi ya ishe su.

A lura kuma da ƙananan alamu, domin ba kullum ciwon ke zuwa da faɗuwa ba. Fatar ido ta riƙa ƙiftawa da sauri idanu na juyawa sama, hannu ya zabura kofi ya suɓuce da sassafe, yaro ya yi shiru na 'yan daƙiƙu kana kira bai ji ba. Akwai ma yaran da suke juyawa su fuskanci rana, su riƙa kaɗa yatsu a gaban idonsu. Iyaye kan ɗauka iskanci ne ko wasa, har a kai ga duka. Wani nau'in farfaɗiya ne da likitoci suka sani, kuma duka ba ya raba yaro da shi. In da hali, a ɗauki bidiyon abin da waya a nuna wa likita. Minti ɗaya na bidiyo ya fi dogon bayani.

Mataki na biyu: gwajin EEG da fitila

Wannan shi ne ginshiƙin komai. EEG awon lantarkin ƙwaƙwalwa ne: ana manna wasu 'yan wayoyi a fatar kai, na'ura tana zana abin da ƙwaƙwalwa ke yi. Ba a sa wa mutum wuta, ba a huda shi, ba zafi. A cikin gwajin akan ajiye fitila kamar santimita 30 daga fuska, a riƙa kunna ta tana walƙawa, a fara a hankali a riƙa ƙara sauri. Za a ce ya buɗe ido, ya rufe, ya sake buɗewa. Idan ƙwaƙwalwarsa mai jin haske ce, zanen zai hargitse da wasu tsinaye da ma'aikacin ya san su, nan take sai ya kashe fitilar tun ciwon bai tashi ba. Likitoci na kiran wannan hargitsi PPR, kuma shi ne za ku gani a rubuce a takardar sakamako.

Wuraren da za a fara tambaya su ne manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Mutanen Nijar sai su nemi sashen jijiyoyi na babban asibitin ƙasa a Yamai. Tun kafin ranar, a tambaya ƙarara: shin za a yi da fitilar? Domin akan yi EEG ba tare da ita ba idan ta lalace ko ba a nema ba, kuma irin wannan sakamakon ba zai amsa tambayarmu ba.

A wanke kai daren jajibirin gwajin, kada a shafa mai ko kaɗan. Mata su tsefe kitso, don wayoyin sai sun taɓa fatar kai. A ci abinci, a sha magani yadda aka saba, sai fa in likita ne da bakinsa ya ce a canza wani abu. Wani lokaci yakan ce a rage barci daren, saboda ƙwaƙwalwar da ta gaji ta fi saurin tona kanta.

A roƙi a rubuta muku daga wane sauri zuwa wane sauri hasken ya tayar da PPR. Wannan adadin za a riƙa kwatantawa da shi nan gaba.

Mataki na uku: magani tukuna

Tabarau mataimaki ne, ba ya maye gurbin ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da ciwon na tashi ba idan aka gano shi daidai aka ba su maganin da ya dace. Mafi yawan masu jin haske kuma suna da farfaɗiyar da kan tashi ko babu haske, don haka tare ido kaɗai bai isa ba.

Magungunan da aka fi amfani da su a wannan nau'in sun haɗa da sodium valproate da levetiracetam da lamotrigine. Abu biyu ya kamata iyali su sani. Na ɗaya, valproate yana aiki sosai a kan jin haske, amma yana iya yi wa ɗan tayi mummunar illa, saboda haka duk budurwa ko matar aure da ke shansa ta zauna da likita tun kafin ciki ya shiga, kuma kada ta daina da kanta rana tsaka, don wannan ma haɗari ne. Na biyu, carbamazepine, wanda sananne ne a kemis-kemis ɗinmu, yakan ƙara wa wasu masu farfaɗiyar zabura ciwo maimakon ya rage. Idan yaro ya fara shansa zaburar safe ta ƙaru, a koma wurin likita da wannan bayanin.

Mataki na huɗu: sanin wane gilashi ake nema

A nan ya kamata a daɗe, don a nan ake yawan asarar kuɗi.

Ba duk launukan haske ne haɗarinsu ɗaya ba. Ja mai zurfi, wanda a ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi, wato nanomita, yake tsakanin 660 zuwa 720, shi ya fi kowanne tayar da ƙwaƙwalwa. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne, a cikin ido akwai ƙwayoyi iri uku masu karɓar launi, kuma suna taka wa juna birki. Ja mai zurfi iri ɗaya kawai yake taɓawa, sai saƙon ya tafi ƙwaƙwalwa ba mai rage masa ƙarfi. Duniya ta ga aikin wannan a Japan ranar 16 ga Disamba, 1997, lokacin da aka nuna wani kashi na zanen yara na Pokémon a talabijin, inda ja da shuɗi suka riƙa musanya sau 12 a daƙiƙa. Mutum 685, galibi yara, aka kwasa zuwa asibiti a daren. Ba duka ne farfaɗiya ta kama ba, wasu jiri ne da amai da ciwon kai, amma da yawa a ranar suka fara sanin suna da ita.

To tunda ja ne babban mai laifi, gilashin da ake so shi ne mai tare ja, kuma gilashin da ke tare ja, shuɗi yake fitowa a ido. Wanda aka fi gwadawa shi ne Z1 na kamfanin Zeiss, shuɗi ne mai duhu sosai, yana rage kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke shiga ido. A shekarar 2006 likita Giuseppe Capovilla da abokan aikinsa a Italiya suka wallafa sakamakon gwajinsa a kan marasa lafiya 610. Da aka sa musu gilashin aka kunna fitila, PPR ya ɓace gaba ɗaya a mutum 463, wato kusan kashi 76 cikin 100. Ya ragu a mutum 109. Mutum 38 kuma ko gezau.

Waɗannan 38 ɗin su ne dalilin da ya sa ba a saye a ɗaura kawai. Sannan a lura, abin da aka auna shi ne zanen na'ura a ɗakin gwaji, ƙarƙashin fitila guda. Titi da wajen biki sun fi ɗakin gwaji rikici, haske na shigowa ta gefe, ta sama, ta ko'ina.

Ga sauran gilasan da za ku ci karo da su, da matsayin kowanne.

Wanda ya cika kasuwa yanzu shi ne na masu aikin kwamfuta da waya, wanda masu shago ke kira bulu-kot. Mai shago da ya ji kun ambaci shuɗi, shi zai miƙo muku, da zuciya ɗaya. Amma aikinsa kishiyar abin da kuke nema ne: shi shuɗin haske yake ragewa, ya bar ja ya wuce salin alin. Gilashin fari ne, sai ɗan ƙyallin shuɗi a bayansa. Bai da wani amfani ga wannan ciwo.

Akwai mai launin hoda da ake kira FL-41, wanda aka fara gwadawa a Birmingham ta Ingila a kan yara masu ciwon ɓarin kai. Yana sauƙaƙa wa masu wannan ciwon da masu jin zafin haske a ido, amma shi ma ja yana ratsa shi. Don wani ya ce ya ji daɗinsa a kan ciwon kai, ba hujja ba ce a kan farfaɗiya.

Akwai fotokuromik, mai yin duhu da kansa idan an shiga rana. Yana ɗaukar lokaci kafin ya canza, alhali walƙawa cikin daƙiƙa take, kuma galibinsu ba sa yin duhu sosai a cikin mota, saboda gilashin motar ya riga ya tare hasken da ke sa su canzawa. Gaban talabijin kuwa fari yake zama.

Mai folarayiz yana da nasa amfanin na gaske: yana kashe ƙyallin da ke tasowa daga ruwa, kwalta da jikin mota. Ga wanda rana ce ke tayar masa da ciwo, baƙin tabarau mai kyau mai folarayiz ya fi babu nesa ba kusa ba, kuma ana iya haɗa folarayiz da shuɗin launi a gilashi guda.

Sai hanyar da Farfesa Arnold Wilkins ya ɓullo da ita a Ingila, inda ake zaunar da mutum gaban wata na'ura a riƙa juya launuka har a sami wanda ya fi kwantar masa da ido, sannan a rina masa gilashi da wannan launin. Wasu masu farfaɗiya sun ji daɗinta, amma mutanen da aka gwada ba su kai na Z1 yawa ba ko kusa.

A ra'ayina, wanda ya iya samun Z1 ya fara da shi. Wanda bai samu ba, ya nemi likitan ido ya haɗa masa shuɗi mai duhu wanda ke tare ja, ya kuma ɗauke shi a matsayin abin gwaji har sai na'ura ta wanke shi.

Mataki na biyar: wurin likitan ido

A tafi da takardar EEG da wasiƙar likitan ƙwaƙwalwa. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA a Kano da sassan ido na asibitocin koyarwa duk suna da masu awon ido da masu yanka gilashi. A fara auna ganin mutumin, domin in yana buƙatar gilashin gani, dole a haɗa ƙarfin da launin a wuri guda, ko a yi masa na ɗorawa a kan wanda yake da shi. Idan sai an yi odar gilashin daga waje, a rubuta sunansa da lambarsa daidai, Z1 F133, kada a ce "shuɗi" kawai.

A nemi a nuna muku takardar da ke bayyana irin hasken da gilashin ke bari ya wuce. Kamfanoni na gaske suna da ita. Abin dubawa shi ne ɓangaren da ya haura nanomita 600, a ga layin ya faɗi ƙasa warwas. Rinin shuɗi da ake tsoma gilashi a ciki a shago yana iya yin kama da Z1 a ido, amma ya bar ja mai zurfi yana wucewa, wanda shi ne ainihin abin gudu.

Akwai ɗan gwajin da mai lafiya a gidan zai iya yi, ba mai ciwon ba: ya sa tabarau ɗin ya dubi jar fitilar nan da ke jikin soket ko caja, mai tsayawa cak ba mai ƙiftawa ba. Idan gilashin na tare ja, fitilar za ta dushe sosai, kamar ta mutu. Idan tana nan jawur, a mayar wa mai shi. Wannan gwajin yana iya kayar da gilashi, amma ba ya iya tabbatar da shi.

Firam ma ba abin wasa ba ne. Gilashi mai kyau a ƙaramin firam na gayu kamar rufe ƙofa ne a bar taga a buɗe. A zaɓi babba mai lanƙwasowa ya rufe gefen ido, ya kwanta kusa da gira, ko mai shinge a gefe. A haɗa da hular hana sallah ko malafa don hasken sama. Ga yara, a sa igiya ta baya, a kuma zaɓi gilashin roba ba na kwalba ba, tunda mai shi na iya faɗuwa da shi a fuska.

Mataki na shida: a koma ɗakin EEG da tabarau a hannu

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, saboda kuɗin gwaji na biyu da wahalar layi. Amma shi ne kaɗai ke amsa tambayar: shin wannan gilashin yana aiki a kan wannan mutumin? Za a kunna fitila babu tabarau a ga PPR, sannan a sa tabarau a maimaita a daidai saurin da ya tayar da shi. In kuna da gilashi biyu ko uku, ku tafi da su duka a gwada a zama ɗaya. Mai dabara ma tun gwajin farko yake tafiya da duk wanda ya iya arowa, ya rage wa kansa zuwa biyu.

Sakamakon uku ne. Ya ɓace, ya ragu, ko yana nan. In ya ɓace, madalla. In ya ragu, akwai amfani, amma a ci gaba da kiyaye wuraren haɗari kamar babu tabarau. In yana nan, a ajiye gilashin, a mai da hankali kan magani da kauce wa haske.

Kada, ko da wasa, a gwada a gida ta hanyar kunna wa yaro bidiyo mai walƙawa ko kaɗa masa tocila "a gani ko yana aiki". A asibiti na'ura ce ke gargaɗi kafin ciwon ya iso. A gida ciwon ne da kansa zai ba ku amsa.

Mataki na bakwai: yadda ake zama da shi

Ba a kwana a tashi da shi a fuska. Idon da ya saba da duhu kullum yakan ƙara jin zafin haske idan an cire, ga shi kuma duniya takan koma shuɗiya, abinci ya canza kama, fuskokin mutane su yi wani iri. A sa shi inda ake tsammanin haɗari: tafiya a mota da rana, bakin ruwa, kallon talabijin ko gem, wurin taro mai fitilu. Abin da littafin nan na mataki na farko ya nuna, shi zai faɗa muku wuraren. Wanda ciwonsa ya yi tsanani har hasken rana kawai ke tayar masa, likita na iya cewa ya riƙa sawa duk lokacin da zai fita.

Ba a tuƙi da shi. Gilashin da ke kashe ja yana kashe jar danja da fitilar birkin motar gaba. Da dare kuwa ko tafiyar ƙasa a bakin titi haɗari ce da shi. Batun ko mai farfaɗiya zai yi tuƙin mota ko babur ma tun asali, magana ce tsakaninsa da likitansa.

Idan ɗan makaranta ne, uba ko uwa su je da kansu su ga malamin aji da hedimasta. A yi musu bayani cewa na asibiti ne, don kada a ƙwace a ce gayu yake yi. A gaya wa malam cewa rubutun jan alli ko jar maka zai yi wa yaron wuyar gani. A kuma faɗa ƙarara cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, don har yanzu akwai ajin da ake watsewa a bar yaro a ƙasa. Tsokanar yara kuwa sai an shirya mata. Yaron da ake kira makaho a filin wasa zai cusa tabarau a aljihu da zarar ya bar gida, don haka a bar shi ya zaɓi firam ɗin da yake so cikin waɗanda suka dace.

Akwai dabara guda da ta fi tabarau saurin samuwa, kuma kowane mai wannan ciwo ya kamata ya haddace ta har ta zama jiki. Idan haske mai walƙawa ya rutsa da kai ba shiri, ka rufe ido ɗaya ruf da tafin hannu, ka juya baya, ka bar wurin. Ido ɗaya, da tafin hannu. Runtse idanu biyu ba ya kare ka, domin haske na ratsa fatar ido, ya fito ja, ya kuma bazu ko'ina cikin idon, wato an haɗa abu biyu mafiya muni. Amma idan ido ɗaya ne kawai ke karɓar walƙawar, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke tashi yakan ragu sosai. A koya wa yaro wannan a lokacin da yake lafiya lau, a riƙa maimaitawa kamar wasa.

Sauran gyare-gyaren gida ba su da tsada. A zauna aƙalla mita 2 daga talabijin, da fitila a kunne a ɗakin, kada a yi kallo cikin duhu. A yi amfani da rimot maimakon matsawa jikin allon. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ita kanta tana rawa sau 50 a daƙiƙa, masu faɗin nan na zamani sun fi ta lafiya, ko da yake abin da ake nunawa a ciki yana iya walƙawa. A canza duk ƙwan da ya fara ɓal-ɓal a ranar, a kuma sauke fitilar da ke saman fanka zuwa bango. A waya, a rage hasken allo, a kashe bidiyo mai kunna kansa, a kashe fitilar da ke walƙawa idan kira ya shigo. TikTok yana da wurin da ake cewa ya tsallake bidiyoyi masu walƙawa, iPhone ma yana da saitin da ke dusashe su. A mota, mai ciwon ya zauna tsakiya ko ɓangaren da babu rana.

Barci kuwa, duk abin da aka faɗa a sama yana tafiya ne a kansa. Mutum ɗaya, haske ɗaya, ranar da ya yi barci ya wuce lafiya, ranar da ya kwana ido biyu ya faɗi. Lokutan biki, jarrabawa da watan azumi su ne barci ke raguwa, lokacin shan magani kuma ya rikice. A je wurin likita tun kafin watan ya kama a tsara yadda za a yi.

Idan duk da haka ciwon ya tashi, a zare tabarau ɗin a hankali, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kai, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko a yi hayaƙi. Da jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefe. In ta wuce minti 5, ko wata ta biyo baya bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko a ruwa abin ya faru, sai asibiti nan take.

Mataki na takwas: bibiya

A ci gaba da rubutu a littafin nan, yanzu da ƙarin layi guda: yana sanye da tabarau ko a'a? Bayan wata uku a kai wa likita ya kwatanta da na baya. Ga mafi yawan mutane jin haske yakan bi su har girma, amma akwai waɗanda yake lafa musu bayan sun haura shekara 20, sannan canjin magani ma yana iya rage shi ko ya kashe shi. Don haka duk lokacin da aka canza ƙwaya, ko shekaru suka ja, yana da kyau a sake gwajin fitilar. Mai yiwuwa a tarar ba a buƙatar tabarau ɗin kuma, mai yiwuwa a tarar ana buƙatar wanda ya fi shi.

Gilashin roba da aka rina yana koɗewa da zafin rana, kuma rana irin tamu ba ta wasa. Kada a bar shi a gaban mota ko bakin taga, a riƙa mayar da shi gidansa, a goge da ƙyalle mai laushi ba bakin riga ba. Duk shekara a kai wa mai gilashi ya duba launin, a kuma maimaita gwajin jar fitilar soket a gida. Ga yaro mai girma, a duba ko firam ɗin ya yi masa kaɗan har haske ya fara shiga ta gefe, in ya yi, a canza firam ɗin ko da gilashin bai tsufa ba.